Gari ɗaya, taswira biyar: fashin baƙi kan zagaya Ƙurɗuba da ƙafa

A tsohuwar unguwar Yahudawa ta birnin Ƙurɗuba, wanda mutanen Sifaniya ke kira Kordoba, duk mai tafiya yana kallon ƙasa zai ci karo da wani ɗan farantin tagulla da bai wuce tafin hannu ba, an dasa shi tsakanin duwatsun daɓen titi. Da farko sai ka ɗauka murfin famfo ne. Sai ka tsuguna za ka gane siffar Sifaniya da Fotugal ce a haɗe, kuma da haruffan Ibrananci aka ƙera ta, masu ba da kalmar Sefarad, sunan da Yahudawa ke kiran wannan ƙasa tun da daɗewa. Aikin farantin shi ne ya gaya wa baƙo cewa yana kan hanya, ya ci gaba. Taku kaɗan daga nan za ka ga wani ayari yana bin mai jagora da ya ɗaga lema sama, su kuma sawun Andalus suke bi. Ga wasu can riƙe da takarda suna neman gidajen furanni. Lungu ɗaya suke ciki, kafaɗa na gugar kafaɗa, amma kowa da garin da aka turo shi ya gani.

Wannan shi ake kira hanya mai jigo, da Sifaniyanci ruta. Maimakon a ce wa baƙo ga gari nan, shiga ka ga abin da ka gani, sai a zaɓi batu ɗaya, a tsinto wuraren da suka dace da shi, a jera su bi da bi yadda ƙafa za ta iya cinye su cikin awa biyu ko uku. Tsarin ya bazu a Turai. A Hanoba ta Jamus jan fenti suka ja a kan titi tun farkon shekarun 1970, tsawon kilomita 4 da ɗoriya, yana ratsa wurare 36. A Berlin layi biyu na duwatsu aka shimfiɗa daidai inda katangar nan ta raba gari. Majalisar Turai ma tun 1987 take ba wa irin waɗannan hanyoyi shaida, ta fara da hanyar masu ziyarar Santiyago. Ƙurɗuba ce dai inda na ga abin ya fi sarƙaƙiya, domin a can ba a jere tarihi yake ba, a ɗore yake, wani kan wani.

Me ya sa ake zana su

Amsar farko ta kuɗi ce, kuma babu abin kunya a ciki. Tun da jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya fara aiki tsakanin Madrid da Sebiya a 1992, Ƙurɗuba ta zama zango: daga Madrid bai kai awa biyu ba. Baƙo zai sauka da hantsi, ya nufi babban masallaci, ya ɗauki hotuna, ya ci abincin rana a gefensa, kafin magariba ya koma inda ya fito. Kimanin mutum miliyan biyu ke shiga ginin a shekara, a garin da mazaunansa suka ɗan haura 320,000. Sai ya zama lunguna goma da ke kewaye da masallacin sun cika maƙil, sauran tsohon gari kuwa, wanda yana cikin mafi girma a Turai, shiru kake ji. Mai otal yana son baƙo ya kwana. Mai shago a unguwar gabas yana son baƙo ya ƙaraso. Hanya mai jigo ita ce igiyar da ake ja baƙon da ita.

Amsa ta biyu ita ce ta fi damuna. Ba hannu ɗaya ke zana hanyoyin ba. Hukumar birni na da nata. Majalisar limaman babbar majami'a, wadda ke riƙe da masallacin da aka mai da coci, na da nata. Farantan tagullar nan na ƙungiyar garuruwan Sifaniya masu tsofaffin unguwannin Yahudawa ne. Akwai kuma wata gidauniya a Garnaɗa mai kula da gadon Andalus, ita ta tsara doguwar Hanyar Halifanci daga Ƙurɗuba zuwa Garnaɗa. Ban da masu jagora masu zaman kansu da ke tara mutane a dandali, su zagaya da su, a ƙarshe kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Kowanne cikinsu ya zauna ya yanke shawara: wannan ƙofa za a tsaya, waccan a wuce. Wanda ya riƙe alƙalamin taswira shi ya riƙe bakin labari, kuma baƙon da ya zo na yini ɗaya ba shi da yadda zai san abin da aka tsallake.

Tafiyar ƙafa kuwa dole ce. Tsohon garin kashi biyu ne, Madina inda fada da masallaci suke, da unguwannin gabas da har yau ake kira Asharkiya, daga kalmar Larabci ta gabas. Lungunan an yi su ne don mutum da jaki da inuwa. Akwai wani da ake wa laƙabi da Lungun Hankici, saboda a inda ya fi matsewa faɗinsa bai wuce hankicin da aka miƙe ba.

Hanyar Rumawa ba ta da tsawo. Su suka kafa garin a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya zama hedikwatar lardinsu na kudu, kuma a nan aka haifi masanin falsafa Seneka, wanda gunkinsa ke tsaye a bakin Ƙofar Almodobar. Za a nuna maka ginshiƙan wani ɗakin bauta da aka gano a shekarun 1950 ana faɗaɗa ofishin magajin gari, da ragowar gidan wasa a ƙarƙashin gidan adana kayan tarihi, da gada mai baka 16 a kan kogin Gwadalkibir, wato Wadil Kabir. Abin da ba a cika nunawa ba yana ƙarƙashin ƙafarka tun ka sauka daga jirgi. A 1991, ana haƙa harsashin sabuwar tasha, aka faɗa kan wata ƙatuwar fada ta ƙarshen zamanin Rumawa a wurin da ake kira Serkadiya. Jirgi na jiran ranar buɗewa, sai aka rushe babban ɓangarenta aka ci gaba da aiki.

Ginin da ke kan taswira biyu

Duk hanyoyin nan, ko daga ina suka taso, a masallacin suke haɗuwa, kuma a nan ƙullin yake.

Abdurrahman ad-Dakhil, ɗan gidan Umayyawa da ya tsira daga kisan Abbasiyawa ya kafa mulki a nan a 756, shi ya aza harsashin a wajen 785. Ginshiƙan da magina suka samu tsofaffi ne, an kwaso su daga gine-ginen Rumawa da na Bisigot da suka mulki ƙasar kafin zuwan Musulmi, ga su gajeru. Da an ɗora rufi a kansu kai tsaye, da zauren ya zama kamar rumbu. Dabarar da suka yi ita ce ɗora baka a kan baka, na ƙasa yana riƙe ginshiƙai kada su buɗe, na sama yana ɗauke da rufi, suna jera jan bulo da farin dutse bi da bi. Duk maginin da ya taɓa ɗaura bakan gizo a soron ƙasa zai tsaya ya jinjina. Abdurrahman na biyu ya ƙara tsawo. Abdurrahman na uku, wanda ya ayyana halifanci a 929, ya gina hasumiya. Ɗansa Alhakam na biyu, daga 961, ya yi mihirabin da ake gani yau, ɗan ɗaki ne sukutum ba ramin bango ba, an zagaye bakinsa da ayoyi na ƙananan duwatsun gilashi masu ruwan zinare a kan shuɗi, da taimakon gwanin da sarkin Rum ya aiko daga Kustantiniya. Babban waziri Almansur kuma a wajen 987, da kogi ya hana shi ƙarawa ta kudu, sai ya faɗaɗa ta gabas da sahun ginshiƙai takwas. Shi ya sa mihirabin ba ya tsakiyar bango. A wannan ɓangare na ƙarshe, in ka kai ido kusa da ginshiƙi, za ka ga alamomi da sunayen masassaƙan dutse, kowa ya sa hannu a kan aikinsa. Na fi daɗewa a wurin waɗannan 'yan zane-zane fiye da gaban mihirabi.

A 1236 Sarkin Kirista Farnando na uku ya ci garin, aka mai da ginin majami'a. Kusan shekara 300 ana ibada a cikinsa ba tare da an taɓa ƙirarsa sosai ba. A 1523 ne bishop ya nemi a fasa tsakiya a tayar da babbar majami'a. Abin da ba kowane mai jagora ke faɗa ba shi ne majalisar garin, Kiristoci ne dukansu, ta yi tsayin daka ta ƙi, har sai da Sarki Karlos na biyar ya sa baki aka yi aikin. Ana danganta masa cewa da ya zo ya gani daga baya ya yi nadama, ya ce an rushe abin da babu irinsa don a gina abin da ke ko'ina. Hasumiyar ma tana nan, an lulluɓe ta cikin hasumiyar ƙararrawa tun ƙarshen ƙarni na 16.

To, wannan gini a wace hanya yake? Mai bin sawun Andalus an ce masa masallaci ne da aka cusa wa coci. Mai bin hanyar majami'u an ce masa coci ce da ta taɓa zama masallaci, har a kai shi wani wuri da aka rufe da gilashi a daɓe, a nuna masa kwalliyar duwatsu a ƙasa, a ce ga ragowar cocin San Bisente da ta riga masallacin. Masu tonon kayan tarihi kansu ba su haɗu a kan cewa ragowar ta wannan coci ce ba, amma a bakin mai jagora magana kan fito a yanke.

Rigimar ta wuce baki. A 2006 cocin Katolika ta yi rajistar ginin da sunanta a ofishin filaye, kuɗin rajistar Yuro 30, a ƙarƙashin wata doka da ke ba bishop damar shaida mallaka da kansa, wadda aka soke a 2015. Daga baya kalmar masallaci ta ɓace daga takardun da ake raba wa baƙi, aka bar majami'a kawai. Mutanen gari suka tashi, aka tara sa hannu dubu ɗaruruwa, kuma akasarin masu wannan fafutika ba Musulmi ba ne, 'yan Ƙurɗuba ne da suka tashi suna kiran wurin Meskita, wato masallaci da Sifaniyanci. A 2016 aka dawo da suna mai haɗe biyun. A 2018 kwamitin masana da hukumar birni ta naɗa, ciki har da tsohon shugaban UNESCO Federiko Mayor Saragosa, ya ce ginin bai taɓa zama mallakin coci ba. Cocin ta ce nata ne tun 1236. Har yau ita ke karɓar kuɗin shiga, kuma ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba.

Ni a ganina dole a riƙe gaskiya biyu tare. Zuciyar Musulmi kan yi nauyi a gaban mihirabin da ba zai iya yin sujada a gabansa ba, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma da ba a mai da ginin wurin ibadar da ake sharewa ana gyara rufinsa ba, da wuya ya kai yau. Babban masallacin Sebiya an rushe shi, hasumiya da farfajiya kawai suka rage. Madinatuz Zahra, birnin fada da Abdurrahman na uku ya fara a wajen 936, kilomita 8 yamma da gari, bai cika shekara 80 ba aka wawushe shi, kuma a fitinar da Musulmi suka yi a tsakaninsu ne, wadda ta kai ga rushewar halifanci a 1031. Hanyar da ta ba ka rabin wannan labari ta tauye ka, ko wane rabi ne.

Daga masallaci, hanyar Andalus kan bi gumaka. Ibn Rushd, alƙali kuma masanin falsafa da aka haifa a 1126, yana zaune a gindin ganuwa. Ibn Hazm yana tsaye kusa da Ƙofar Sebiya. Akwai Alhakam na biyu mai tarin littattafai, akwai likitan ido Algafiki, akwai hannaye biyu na tunawa da mawaƙan nan Ibn Zaidun da Wallada. Sai wuraren wankan fadar halifa, da ƙatuwar ƙafar ɗiban ruwa ta Albolafiya a bakin kogi, wadda har yau take kan hatimin birnin. Gumakan duka na ƙarni na 20 ne, kamannin kuwa ƙiyasin masassaƙa ne. Ba kuma a rubuta a gindinsu cewa an kori Ibn Rushd zuwa Lusena a ƙarshen rayuwarsa ba, ko cewa an ƙone littattafan Ibn Hazm a Sebiya. Gari kan karrama ɗansa da tagulla bayan ya wahalar da shi da rai.

Tarkon shekaru a unguwar Yahudawa

Hanyar Sefarad ta fi kowacce daɗin bi, gajera ce, lungunanta farare ne masu sanyi. Tana kai ka wani ɗan dandali inda gunkin Musa bin Maimun, malamin Yahudawa kuma likita, yake zaune da littafi a cinya. Takalmansa sun yi fes suna ƙyalli kamar sabon zinare saboda shafar hannayen baƙi, sauran jikin kuwa ya yi duhu. Taku kaɗan gaba sai ɗakin ibadar Yahudawa, ɗan ƙarami, bangonsa cike da sassaƙen farar ƙasa irin na Larabawa da rubutun Zabura da Ibrananci. Yana cikin guda uku da suka fi tsira daga wancan zamani a duk Sifaniya, sauran biyun suna Toledo.

Saboda kusancin wuraren biyu, baƙo kan tafi da zaton a nan Bin Maimun ya yi ibada. Lissafi bai yarda ba. An haife shi a shekarun 1130, iyalinsa suka bar garin bayan Muwahhidai, wata daular Musulmi daga Magrib, sun karɓe shi a 1148 sun matsa wa waɗanda ba Musulmi ba, ya rasu a Masar a 1204. Ɗakin ibadar kuwa a 1315 aka gina shi, a ƙarƙashin sarakunan Kirista, fiye da shekara ɗari bayan rasuwarsa. Ƙafa ta haɗa abin da ƙarni biyu suka raba. Wannan shi ne babban aibin hanya mai jigo: tana jera abubuwa bisa kusancin wuri, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗauke su a matsayin zamani ɗaya.

A nan ne ake yawan jin kirarin garin al'adu uku da zaman tare. Kirarin yana da tushe. Hasdai bin Shafrut, Bayahude, likita ne kuma jakada a fadar Abdurrahman na uku. Bishop Rabi'u bin Zaid ya je aikin jakadanci da sunan halifa. A Turai ta wancan lokaci wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a garin nan ne aka kashe Kiristoci kusan 50 a shekarun 850 bisa hukuncin ɓatanci. A nan aka far wa unguwar Yahudawa a 1391. A 1492 aka kore su daga ƙasar, ɗakin ibadar ya koma asibitin masu ciwon cizon mahaukacin kare, daga baya ya zama wurin ibadar ƙungiyar masu ɗinkin takalma, sai a 1884 da yaɓe ya zubo aka ga rubutun da ke ƙasa. Fadar sarakunan Kirista da ake shiga yau don kallon lambuna da tafkuna, ta shafe ƙarni uku tana hedikwatar kotun coci mai binciken aƙida, kuma a Disamban 1504 an ƙone mutum 107 a rana ɗaya a Ƙurɗuba. Ragowar Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci su ma an kore su daga 1609. Zaman taren ya faru, amma yana da mai sama da mai ƙasa, kuma yakan karye.

Hanyar majami'un Farnando, wadda majalisar limaman ke gudanarwa, ita ce ta fi fitar da mutum daga cunkoso. Bayan 1236 sarkin ya raba garin gunduma 14, kowacce da cocinta, bakwai a Madina bakwai a Asharkiya. Musulmi da yawa kan tsallake wannan hanya suna ganin ba tasu ba ce, kuma kuskure ne. Da dama cikin cocin a kan masallatan unguwa aka gina su. A San Lorenso da Santiyago, gindin hasumiyar ƙararrawa hasumiyar kiran salla ce. A dandalin San Huwan wata 'yar hasumiya tana tsaye a fili da tagoginta masu baka biyu. Babban masallaci yana nuna maka halifa, waɗannan kuwa suna nuna maka inda mai sayar da gawayi da maƙwabcinsa ke sallar asuba.

Gidajen furanni

Hanya ta biyar ta bambanta da sauran domin abin da ake kallo yana da rai, kuma masu shi suna ciki. Gidan Ƙurɗuba na gargajiya bangonsa na waje fari ne, ba ado. Ka shiga ta wani ɗan zaure da suke kira sagwan, sai ka ɓulla tsakar gida, ɗakuna na kewaye, rijiya a gefe. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan tsari. A unguwannin talakawa irin su San Basiliyo da Santa Marina, iyalai da yawa kan raba gida ɗaya, kowa da ɗakinsa, madafa da wurin wanki da rijiya na kowa ne. Ba su da filin lambu, sai suka rataye tukwanen furanni a bango, daga ƙasa har kusa da rufi. Ganye da farar ƙasa da daɓen tsakuwa da ake yayyafa wa ruwa su ne na'urar sanyaya ɗakinsu.

Tun 1921 hukumar birni ke shirya gasa, kuma a 2012 UNESCO ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya. A makonni biyun farko na Mayu gidaje kimanin 50 kan buɗe ƙofa kyauta, a raba su hanya-hanya bisa unguwa. A wani gida na tsaya ina kallon wata dattijuwa tana ban ruwa. Doguwar gora ce a hannunta, an ɗaure gwangwani a kanta. Ta tsoma shi a bokiti, ta ɗaga sama, ta karkata wuyan hannu kaɗan, ruwan ya zuba cikin tukunyar da ke can saman taga ba tare da ɗigo ya ɓata farin bango ba. Sai ta gaba. Tukwanen sun fi a ƙirga da ido, kuma da bazara kullum ne. A bakin ƙofa an ajiye faranti, wanda ya ga dama ya jefa 'yan sulalla.

Nasarar bikin ita ce kuma ciwonsa. Layi kan miƙe a lungu, mutum ya shiga ya ɗauki hoto a ce ya ba na baya wuri. Al'adar da UNESCO ta karrama ita ce zaman maƙwabtaka, hira da yamma da taimakon juna wajen shafe bango, ba furannin kaɗai ba. Masu kula da gidajen suna tsufa, 'ya'yansu sun koma benaye a sababbin unguwanni, gidaje da dama kuma sun zama masaukin baƙi na kwana biyu. Wanda ya zo ba a watan Mayu ba zai iya shiga Fadar Biyana mai tsakar gida 12, ko wasu gidajen San Basiliyo da ke buɗewa da tikiti, amma ya sani gidan masu sarauta daban, gidan haya na talakawa daban.

Ga mai niyyar zuwa, shawarata kada ya ɗauki hanya ɗaya ya bi ta kamar karatun allo. Ya karɓi taswira biyu ko uku ya ɗora su, ya nemi inda suka gicciye juna, domin a nan garin ke magana da baki fiye da ɗaya. Ya tambayi kowane gini shekararsa kafin ya tambayi sunansa. Kada kuma ya raina zafin wurin don ya fito daga ƙasar rana: a Yulin 2017 ma'auni ya kai digiri 46.9, kuma dutsen daɓe yana mayar da zafi sama. Mutanen gari da sassafe suke fita, su shige gida bayan azahar, su sake fitowa da yamma liƙis. Takalmi mai taushin ƙasa ya fi, saboda tsakuwar lunguna. In lokacin salla ya yi, akwai ɗan masallaci mai ƙubba a lambun Kolon, wanda aka gina wa sojojin Maroko da suka yi wa Janar Franko yaƙi a shekarun 1930, yanzu Musulmin gari ke salla a ciki.

Hayin gada

Yawancin masu jagora kan ƙare zagaye a kan gadar Rumawa. A tsaya a tsakiya wajen gunkin Mala'ika Rafa'ilu inda kyandirori ke ci, a ƙarasa hasumiyar Kalahora, a juyo a ɗauki hoton masallaci da rana na faɗuwa. Daga nan kowa ya watse. Kaɗan ne ke juya baya su dubi filin da ke hayin kogin.

A wannan fili akwai wata unguwa mai suna Shaƙunda, cike da 'yan kasuwa da masu sana'a da ɗaliban fiƙihu. A shekarar 818 suka yi wa Sarki Alhakam na ɗaya bore saboda haraji da zaluncin dakarunsa, suka tsallako gada suka nufi fada. Sojoji suka zagaya ta baya suka cinna wa gidajensu wuta. Aka kashe na kashewa, aka tsire wasu a bakin kogi, sarki ya sa aka baje unguwar ya kuma hana a sake gini a wurin. Waɗanda suka tsira wasu suka nufi Fas, inda har yau akwai ɓangaren gari da ake kira na Andalusawa, wasu suka bi teku zuwa Iskandariya, daga can suka kafa mulki a tsibirin Kirit. A farkon shekarun 2000 masu tono suka buɗe ƙasar suka tarar da layukan tituna da harsashin gidaje na duwatsun kogi, yadda aka bar su.

Cikin malaman da suka gudu a wannan rana akwai Yahaya bin Yahaya Allaisi, wanda ya je Madina ya yi karatu a gaban Imamu Malik. Ya ɓuya a Toledo, daga baya aka ba shi amana ya dawo, ya zama mai faɗa a ji wajen naɗin alƙalai a zamanin Abdurrahman na biyu, ya rasu a Ƙurɗuba a 848. Ruwayarsa ta Muwaɗɗa ita ce ta fi yaɗuwa, ita ta tsallaka Magrib ta ratsa Sahara. Duk ɗalibin da ya taɓa zama a zauren malam a Kano ko Zariya ko Damagaram ya ji ana jan "Haddasani Yahaya an Malik", wannan Yahayan ake nufi. Ba shi cikin gumakan da ke jere a gindin ganuwa. Wurin da unguwar take yanzu filin shaƙatawa ne da ake kira Miraflores, da ciyawa da bencina, yara na tuka keke. Daga ƙarshen gada zuwa can bai fi tafiyar minti biyar ba, ka bi hagu.